Tofazzal da Kan Jirgi Mai Ƙafa Goma Sha Biyu

Duk unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta garin Parbatipur babu wanda bai san bakin Tofazzal Mridha ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana auna kaya a tasha: buhunan dankali, kwandunan busasshen kifi, kekuna, wani lokaci har awaki. Amma tun da ya yi ritaya aikin nasa yake ƙara girma a bakinsa. Shekarar farko ya ce yakan hau kan jirgi su yi hira da direbobi. Ta biyu ya ce yakan karɓe su in sun gaji. Kafin a kai ta biyar, shi ne ya taɓa jan tarago arba'in cikin ambaliya, ruwa iya wuyansa, bai makara ko da minti ɗaya ba.

In yana zaune a rumfar Jobbar mai shayi ya ji ƙarar inji daga nesa, sai ya ɗaga yatsa ya lumshe ido.

"Wannan jirgin dizal ɗin ƙafarsa ta uku a hagu ba ta da lafiya."

"Injin casar shinkafa ne, Bhai," in ji Jobbar, da sunan da suke kiran ɗan'uwa.

"To shi ma a duba masa ƙafa ta uku."

Ƙungiyar 'yan fansho tana da ɗaki guda a bayan tsohon sito, dab da rumfar Jobbar. Rabin ɗakin teburi ne, a kan teburin kuma akwai ƙaramar duniya. Layin dogo mai faɗin yatsa ɗaya ya kewaya ya dawo inda ya taso. Ta gaba akwai tasha da dakalinta da 'yan fasinjoji na roba, sai gada, sai gonakin shinkafa na garin katako da aka rina kore, sai tafki na madubi. Ta baya kuma wani dutse ne na takarda da ƙullu, mai rami a tsakiya inda jirgi ke shiga ya ɓullo ta ɗaya gefen. Anukul Barman ne ya gina duk wannan, ya ɗauki shekara bakwai yana yi. Shi direba ne na ainihi, kuma maganar da yake yi a rana ba ta cika cokali.

Abu biyu suka faɗo wa ƙungiyar a mako ɗaya. Tsohon ɗan kan jirginsu na kan teburin, mai siffar na kwal, ya yi ƙauri ya tsaya, bai sake motsi ba. Sai kuma takarda ta iso cewa ana so a mayar da ɗakin wurin ajiye tsofaffin fayil, amma wata babbar jami'a, Injiniya Mahfuza, za ta zo ranar Asabar ta sama ta gani da idonta ko ɗakin yana da wani amfani.

Shugaban ƙungiyar, Mokbul Hossain, tsohon mai kula da tasha, ya karanta takardar sau biyu, ya ninke, ya dubi Anukul, wanda suke kira Dada, wato yaya.

"Dada, me za a yi?"

"Dizal za a sayo," in ji Anukul. "Gajere, mai ƙafa takwas. Kwanar bayan gada matsattsiya ce, ramin dutsen kuma ba shi da tsayi. Da ni zan je Dhaka, to Litinin za a yi mini aikin ido."

Tofazzal ya miƙe ya gyara ɗaurin zanensa, irin wanda mazan wurin ke ɗaurawa. "Ana maganar dizal ina zaune, ana neman wanda zai je? Ga 'yata Shiuli can a Dhaka, ko kuɗin masauki ba za ku kashe ba. Zan kawo muku abin da in matar nan ta gani, ba ɗaki ba, har siton za ta haɗa mana."

Anukul ya ciro guntun layi mai lanƙwasa, da wani tsinke da ya yanka daidai tsayin ramin, ya miƙa masa. "Tafi da waɗannan ka gwada."

Tofazzal ya dubi tsinken kamar an miƙa masa mataccen ɓera. "Dada, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ni da in na kalli buhu zan faɗa maka nauyinsa har da na igiyar da aka ɗaure shi? Riƙe tsinkenka ka yi sakace."

A gida, matarsa Nurunnahar tana zaune tana gyaran kifi sa'ad da ya ba ta labari.

"Baban Shiuli, kai da na aika ka sayo wa jikanka takalmi ka dawo da hagu biyu?"

"Laifin mai shago ne."

"To Allah Ya sa mai wannan shagon ya fi shi tsoron Allah."

Shagon yana hawa na uku a wata kasuwa ta Dhaka, babban birni. Mai shi wata matashiya ce mai tabarau, tana zaune tana goge wani ɗan kan jirgi da buroshin haƙori. Ta miƙe ta gaishe shi da Chacha, wato baffa.

"Chacha, layinku wane faɗi ne?"

Tofazzal ya nuna da yatsa. "Kamar haka. Faɗin da ya dace."

"Kwanar fa? Buɗaɗɗiya ce ko matsattsiya?"

"'Yata, a wurin gwani babu matsattsiyar kwana."

"Akwai rami ko gada mai rufi?"

"Ni na zo sayen jirgi ne ko neman aure? Tambayar ta isa."

Ta ciro masa wani ɗan gajere mai launin shuɗi. "Irin wannan ba ya ba da wahala, ko'ina yana bi."

Ko kallo na biyu bai yi masa ba, domin idonsa ya riga ya faɗa kan wani a saman kanta. Ja ne, dogo kamar damtsen mutum, ƙafafunsa goma sha biyu, ga fitila gaba da baya. Zuciyarsa ta ce, wannan shi ne irin wanda ka ja cikin ambaliya.

"Sauko mini da wancan."

"Chacha, wannan zai hau layi irin naku, amma gangar jikinsa ta fi ta sauran girma. Yana son fili. In teburinku ƙarami ne, zai yi ta karo."

"Ke kin taɓa tuƙa jirgi?"

"A'a."

"To ni shekara talatin da ɗaya. Kawo biyu."

Ta naɗe masa, ta gaya masa sau biyu cewa in an yage kwali ba a mayarwa. Ya ce abin da gwani ya zaɓa ba ya komawa.

Ranar Lahadi ɗakin ƙungiya ya cika. Jobbar ya bar tukunyarsa a kan wuta ya zo ya jingina da taga. Tofazzal ya yage kwali, ya ɗora ɗaya a kan layi. Ƙafafun nan goma sha biyu suka zauna daram. Ya juyo ya dubi Anukul.

"Dada, ina tsinken naka? Ko za ka gwada?"

Anukul ya matsa gefe ya ba shi wuri. Tofazzal ya murɗa maɓallin wuta. Fitila ta kama, jirgi ya taso a hankali da wani gunji mai daɗi, har tsofaffi suka fara tafi. Sai ya iso dakalin tasha. Gefensa ya gogi bakin dakalin, ya sharo fasinjojin roba tun daga mai lema har mai ɗauke da jariri, ya zubar da su ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

"Sun tsaya kusa da layi," in ji Tofazzal. "Kullum ana faɗa musu."

Ya ɗauke jirgin ya kai shi bakin ramin dutse don a ga shigarsa. Kai ya shiga, kafaɗa ta ƙi. Jirgin ya tsaya yana kuka, ƙafafunsa na juyawa a wuri ɗaya, dutsen duka yana rawa.

Jobbar ya ce daga taga, "Bhai, ƙafa ta uku ce ko?"

Anukul ya kashe wutar da kansa. "Mayar da shi."

"An yage kwali."

"To a ara wani."

"A wurin wa? Duk ƙasar nan daga mu sai mu." Tofazzal ya daki ƙirji. "Jirgi ba shi da laifi, Dada. Garin ne ya yi masa kaɗan. Ku ba ni makulli da kwana biyar."

Mokbul ya dubi Anukul, ya dubi takardar da ke aljihunsa, ya ga babu wata mafita. Ya miƙa makulli. Anukul ya tsaya ya daɗe yana kallon dutsensa, sa'an nan ya ce, "Kada ka taɓa gadar." Washegari ya tafi asibiti a Rangpur.

Litinin Tofazzal ya fara da dakali. Ya ɗauko wuƙar gyaran kifin Nurunnahar ya dinga fere bakinsa. In ya fere nan ya ga can ya fi, sai ya bi can. Kafin azahar dakalin da ke ɗaukar fasinja ashirin ya koma siririn da ko mutum ɗaya sai ya tsaya a karkace. Ya kwashe fasinjojin ya manna su a kan rufin tasha.

Mokbul ya leƙo ya gani. "Me suke yi a sama?"

"Lokacin Salla ne. Cunkoso, har rufi ake hawa."

Talata ya koma kan ramin. Ya zo da muciya, ya zura ta ciki yana juyawa kamar mai tuƙa tuwo. Ramin ya buɗe, ya ƙara buɗewa, sai ƙoƙon dutsen ya lotsa ya zauna. Tofazzal ya ruga gida ya dama ƙullun garin shinkafa. Da ya ga ba ya kamawa, ya narka mazarƙwaila ya zuba, ya yayyaga tsofaffin jaridu ya lilliƙa. Dutsen ya tashi, sai dai yanzu ya fi kama da tulun da ya faɗi aka tsince shi.

Nurunnahar ta biyo sawun muciyarta har ɗakin. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Jiya wuƙata, yau muciyata da mazarƙwailar baƙi. Gobe sai me, tukunya?"

"Aikin injiniya ne, ba za ki gane ba."

"Na gane wannan. Dutsen Anukul Dada ne ka mayar da shi waina. Mutum yana can ana gyara masa ido, kai kana nan kana shirya masa abin da zai sa ya yi da-na-sanin gyaran."

"Ki jira Asabar."

"Zan jira. Zan ma zo da wuri in sami wurin zama kusa da ƙofa."

Laraba jirgin ya ratsa ramin lafiya, ya fito, ya hau gada, ya iso kwanar da Anukul ya ambata. Layi ya lanƙwasa, jirgi ya ce shi bai san wannan ba. Ya miƙe sak ya ratsa gonar shinkafa ya kwanta a kan tafkin madubi, madubin ya tsage gida uku. Tofazzal ya mayar da shi, ya sake. Sau tara yana sakewa, sau tara jirgin yana zuwa shan ruwa.

Zuwa lokacin Jobbar ya jawo bencinsa ɗaya zuwa gindin taga, masu shan shayi suna karɓa-karɓa. Wani ya ce a yi masa addu'a. Wani ya ce a sa masa alamar kwana, wataƙila bai sani ba ne.

"Ku ba ku san komai ba," in ji Tofazzal. "Rashin nauyi ne. Jirgi marar nauyi kamar mutum marar mutunci ne, ko'ina aka tura shi sai ya tafi."

Nan fa aka zo fagensa. Yana da ƙananan ƙarafan awo da ya ajiye tun zamanin aiki. Ya kwance jikin jirgin, ya cusa biyu a ciki, ya ɗaure na uku a sama da zare. Ya murɗa wuta. Jirgin ya iso kwana, ya yi ƙara, ya karkata kamar zai faɗi, ya wuce. Tofazzal ya juyo ya fuskanci taga, ya buɗe hannuwa. Ranar sai da ya sha shayi kofi huɗu yana ba da labarin.

Alhamis ya ɗaura masa tarago goma, ya ga sabuwar matsala. Da nauyin ƙarfe da nauyin tarago, jirgin ya kasa hawa 'yar gangarar da ke kaiwa gada. Yakan kai rabi ya tsaya yana nishi, ya dawo da baya.

"Shi ya sa na sayo biyu," in ji shi ga Mokbul. "Ku kuna ganin yau, ni ina ganin jibi."

Juma'a bayan an sauko masallaci ya buɗe na biyun don ya cusa masa nasa ƙarafan. Garin cusawa wayoyi biyu suka tsinke, ɗaya ja ɗaya baƙa. Ya dube su, ya dubi inda suka fito, ya ce ai waya waya ce, ya ƙulla kowace inda ta fi kusa. Ya haɗa jiragen biyu da ƙugiya, ya jera tarago a bayansu. Ya kai hannu zai gwada ke nan aka ɗauke wuta, ba a kuwa dawo da ita ba har ya gaji ya kulle ɗakin.

"Ba a gwada ba fa," in ji Mokbul.

"Mai shakka ne ke gwaji."

Asabar da hantsi ɗakin ya cika har waje. Tsofaffin direbobi, masu ba da hannu, masu duba tikiti, kowa da matarsa. Nurunnahar ta sami kujerarta kusa da ƙofa. Tofazzal ya sa farar riga mai guga, ya kuma aro hular direba da ta yi masa yawa. Ya ƙara dabara biyu da bai gaya wa kowa ba. Ya cika taragon da alawar madara don jirgi ya kai wa baƙuwa har gabanta. Kuma da yake a ganinsa dizal ba ya cika dizal sai da hayaƙi, ya kakkarya turaren tsinke ya soka a rufin kowane kan jirgi.

Anukul ya iso a keken haya, ido ɗaya a rufe da auduga. Mutane suka buɗa masa hanya. Ya dubi dakali, ya dubi fasinjojin kan rufi, ya dubi tafki, ya daɗe a kan dutsen.

"Yaya ka gani, Dada?" in ji Tofazzal.

"Na gode da ido ɗaya aka bar mini yau."

Injiniya Mahfuza ta shigo, mace mai furfura kaɗan da jaka a hannu, ba ta da alamar wasa. Aka zaunar da ita a gaban tasha. Mokbul ya fara jawabin maraba, bai kai layi uku ba Tofazzal ya karɓe.

"Ranki ya daɗe, ni ne na zaɓo waɗannan da kaina. Wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa irinsu ba sai an gaya masa ba."

Wani tsoho ya yi tari. Nurunnahar ta ja mayafi ta rufe baki.

"Direba ne kai?" in ji Injiniya.

"Ambaliyar nan da aka yi, in kin tuna..."

Ba ta saurare shi ba, ta sunkuya tana duban bayan teburin. "Wancan baƙin zaren da ke shiga ramin, mene ne?"

Kowa ya duba. Kiyashi ne, sahu guda tun daga ƙafar teburi har cikin dutsen mazarƙwaila, masu shiga ta dama, masu fita ta hagu.

"Su ne kaɗai ke tafiya a kan lokaci tun Talata," in ji Jobbar daga taga.

Tofazzal ya yi kamar bai ji ba. Ya ƙyasta ashana ya kunna turaren, hayaƙi ya tashi siriri, ɗakin ya ɗau ƙamshi kamar gidan biki. Ya gyara hula, ya murɗa maɓalli.

Fitilun suka kama. Jiragen biyu suka yi gunji. Amma ba jirgin da ya motsa. Na gaba yana ja gaba, na baya yana ja baya, ƙugiyar da ke tsakaninsu ta miƙe tana karkarwa.

"Me ya faru?" in ji Injiniya.

"Gwajin birki ne, ranki ya daɗe. Ba a tashi sai an yi shi."

"Kashe," in ji Anukul.

Tofazzal ya ƙara murɗawa. Gunjin ya koma kuka. Ya murɗe har ƙarshe. Sai ƙugiyar ta ce ɗas.

Na gaba ya zabura ya yi dama shi kaɗai. Na baya ya tura tarago goma ya yi hagu da baya-baya. A kwanar farko taragon suka fara kifewa, alawar madara tana gangarawa cikin gonaki, wata ta faɗo kan cinyar Injiniya. Da kan jirgin ya rabu da kayansa sai ya ƙara wuta.

Duk wanda ke ɗakin nan ya ci abinci da layin dogo, don haka babu wanda sai an yi wa bayani. Layi ɗaya ne, ya kewaya. Jirgi ɗaya ya yi dama, ɗaya ya yi hagu. Tsofaffi suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Wani tsohon mai ba da hannu, wanda rabonsa da aiki shekara goma sha biyar, ya zaro jan hankici yana kaɗawa da iya ƙarfinsa. Mokbul ya laluba wuyansa yana neman usur ɗin da ya daɗe da mayarwa.

Tofazzal ya murɗa maɓallin baya da ƙarfi, maɓallin ya fito a hannunsa. Ya tsaya yana kallonsa.

"A zare waya daga bango," in ji Anukul.

Wayar tana bayan kujerar Injiniya, mutum shida suka tafi gare ta lokaci ɗaya, suka toshe wa juna hanya.

Ɗaya ya shiga ramin ta dama. Ɗaya ya shiga ta hagu. Aka ji ƙum, irin ta tukunya in ta faɗo daga kan murhu. Dutsen ya ɗaga ya koma. Sa'an nan hayaƙi ya fara fita ta baki biyu na ramin, kuma wannan karon ba na ƙamshi ba ne, domin turaren ya sami jarida.

Nurunnahar ce ta fara motsi. Ta miƙa hannu ta taga ta fizge butar shayin Jobbar, ta ratsa mutane, ta juye ta duka a kan dutsen. Wuta ta mutu. Dutsen ya jiƙe, ya saki jiki, ya malale a hankali kamar kunu, kiyashi suna gudu ta ko'ina. Daga cikin kunun hancin jiragen biyu suka bayyana, a manne da juna, rufinsu ya narke. Wani ƙarfen awo ya gangaro, ya bi gefen teburi, ya sauka a kan babban yatsan ƙafar Tofazzal. Ya runtse ido, ya haɗiye kukan, domin direba ba ya kuka a gaban manya.

"Kuɗin shayina fa, Bhabi?" in ji Jobbar ga Nurunnahar, da sunan da suke kiran matar ɗan'uwa.

"Tambayi direba."

Injiniya Mahfuza ta ɗauki alawar da ke cinyarta, ta dube ta, ta jefa a baki. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ƙoƙarin dannewa, abin ya fi ƙarfinta, ta kifa kai a kan jakarta tana dariya har da hawaye. Da aka ga babba ta fara, ɗakin duka ya ɗauka, har waɗanda ke waje da ba su ga komai ba.

Da ta natsu ta miƙe ta zaga teburin. Ta tsaya a gaban gadar, wadda ita kaɗai ta tsira, ta sunkuya tana ƙirga ƙafafunta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji Anukul.

"Har ƙusoshin daidai suke. Wata nawa za ka ɗauka ka mayar da sauran yadda suke?"

"Shida, in an bar ni ni kaɗai."

"An bar ka. Fayil su jira. In ka gama, a riƙa kawo 'yan makaranta suna gani." Ta juya ga Tofazzal, wanda ke tsaye da ƙafa ɗaya, maɓalli a hannu. "Kai kuma, ka san ƙa'ida. In jirgi biyu suka yi karo, direba yakan rubuta rahoto. Ina jira."

Mokbul ya miƙa hannu, Tofazzal ya zuba masa makulli da maɓallin tare.

Da wani ne, da kunya ta hana shi fita mako guda. Tofazzal kwana uku ya yi a gida, ƙafa a cikin ruwan ɗumi, yana rubutu. Shafi goma sha ɗaya ya cika. Ya bayyana cewa jiragen lafiyarsu ƙalau, tuƙi ma ba a taɓa yin irinsa ba, sai dai an gina dutse a inda bai kamata dutse ya kasance ba. Ya ba da shawarar a kawar da shi.

Bayan mako biyu amsa ta zo a farar takarda mai hatimi. Layi uku ne. Tofazzal ya karanta, ya sake karantawa, ya sa takalmi ɗaya da silifa ɗaya ya ɗingisa zuwa wurin mai firam. Da la'asar ya iso rumfar shayi da abin a hammata, ya jingina shi da gwangwanin sukari inda kowa zai gani. Anukul yana zaune a ƙarshen benci, yatsunsa duk ƙullu.

"Jobbar, karanta wa jama'a layin farko."

Jobbar ya goge hannu ya matso. "An karanta rahoton direba Tofazzal Mridha."

"Ya isa."

"Akwai saura, Bhai. Dutse ba shi da laifi, ya zauna inda yake. An dakatar da direban daga tuƙa kowane irin jirgi, babba ko ƙarami, har abada."

Benci ya ɗau dariya. Tofazzal ya jira suka gama, ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali.

"Ku yi dariyarku. Amma ku gaya mini, tun da kuke, kun taɓa jin an dakatar da mai auna dankali daga tuƙi?"

Anukul ya dubi kalmar direba a layin farko, ya dubi hatimin, ya koma yana ɓare ƙullun da ke yatsunsa.